Kwana 27 Kafin Shekara Ashirin: Yaran Sarayebo da Waɗanda Suka Buɗe Musu Ƙofa

A watan Oktoban 1914 wata kotu a Sarayebo, babban birnin Bosniya, ta tsaya tana tantance abin da ya fi kama da aikin magatakardan rajistar haihuwa: a wane wata aka haifi Gavrilo Princip? Babu mai musun cewa shi ya harbe Yarima Franz Ferdinand, mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari, tare da matarsa Sophie, ranar 28 ga Yunin shekarar. Shi ma bai musa ba. Sai dai dokar daular ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai cika shekara 20 ba a ranar da ya aikata laifin. Wani kundi ya nuna a Yuni aka haife shi, kundin coci ya ce Yuli. In Yuni ce, igiya; in Yuli ce, kurkuku. Kotu ta kama Yuli, lissafi ya nuna saura kwana 27 ya cika ashirin ranar da ya ja kunamar bindiga.

Mutum 25 aka gurfanar. Uku aka rataye, kuma cikinsu babu wanda ya harba bindiga ko ya jefa bam a ranar: malamin makarantar ƙauye, da ɗan kasuwa mai gidan sinima, da wani ɗan jarida da ya yi ta ƙoƙarin a fasa abin. Duniya ta riƙe sunan Princip saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya biyo baya. Ni kuwa mutanen da ke kewaye da shi ne suka fi ɗaukar hankalina, domin a wurinsu ake ganin yadda irin wannan ƙulli ke samun hannaye: wa ya kira wa, me ya sa wanda aka kira ya amsa, kuma wa ya riƙe wa amana da rana ta ɓaci.

Ƙasar da suka tashi a cikinta

Bosniya ta yi sama da shekara 400 a hannun daular Usmaniyya. Taron Berlin na 1878 ya miƙa wa Ostiriya ragamar gudanar da ita, a 1908 kuma Ostiriyar ta haɗiye ta ɗungurungum ba tare da ta tambayi mazaunanta ba. Sababbin masu mulkin sun shimfiɗa layin dogo, sun gina makarantu, amma ba su taɓa tsarin gonaki ba: manomi ɗan haya, wanda ake ce wa kmet, ya ci gaba da ba mai ƙasa kashi ɗaya cikin uku na amfanin gonarsa. Daga irin wannan gida Princip ya fito, a ƙauyen Obljaj. Iyayensa sun haifi 'ya'ya tara, shida suka mutu tun suna jarirai.

Makarantun da daular ta gina su ne suka haɗa yaran ƙauye a birni, suna kwana ɗakunan haya, cikinsu ba ƙoshi, suna musayar littattafan 'yan juyin juya halin Rasha. Daga nan abin da aka kira Mlada Bosna, wato Matasan Bosniya, ya tsiro. Ba ta da ofis, ba ta da kundin mambobi. Ƙananan da'irori ne na abokai, akasarinsu Sabiyawa, amma da Kuroshiyawa da Musulmi a ciki, masu mafarkin ƙasa ɗaya ta al'ummar Silab ta kudu. Gwarzonsu wani ɗalibi ne, Bogdan Zerajic, wanda a 1910 ya harbi gwamnan Bosniya sau biyar bai same shi ba, ya juya harsashin ƙarshe kansa. Princip ya faɗa wa kotu cewa yakan kwana a bakin kabarinsa yana tunanin halin da jama'arsu ke ciki. A lura da irin gwarzon: saurayin da bai yi nasara ba, amma ya mutu. Abin da yaran suka koya daga gare shi ke nan, cewa mutuwar ita ce shaidar gaskiya.

Ukun Belgrad

A bazarar 1914 samari uku 'yan Bosniya suna gararamba a Belgrad, babban birnin Sabiya, kowannensu da mikin da yake ɓoyewa.

Princip an kore shi daga makaranta a 1912 saboda zanga-zanga, ya taka da ƙafa har Belgrad. Da Yaƙin Balkan na farko ya ɓarke a shekarar, ya je ya miƙa kansa cikin 'yan sa-kai. Kwamandansu, Manjo Vojislav Tankosic, ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya cika ƙanƙanta da rauni, ya sallame shi. Shekara huɗu bayan haka, yana ɗaure a kurkuku, Princip ya gaya wa likitan ƙwaƙwalwa Martin Pappenheim cewa duk inda ya je ragon mutum ake ɗaukarsa. Bai manta ba. Kuma Tankosic ɗin nan da ya raina shi, shi ne daga baya ya ba da izinin a danƙa masa bindiga.

Nedeljko Cabrinovic mai jera haruffa ne a maɗaba'a, ɗan ƙungiyar ƙwadago, mai ra'ayin gurguzu da na masu ƙin kowace irin hukuma. An taɓa korarsa daga Sarayebo saboda yajin aiki. Mahaifinsa na da gidan shan gahawa a birnin, kuma an san shi da kai wa 'yan sandan Ostiriya rahoto. Ka yi tunanin zaman yaro mai irin wannan uba cikin samarin da ke zargin inuwarsu: duk maganar da ta fita, shi za a fara kallo. A ganina rabin abin da ya tura shi wanke wannan suna ne. Shi aka aiko wa da yankakkiyar takardar jarida cikin ambulan, mai sanar da cewa Yarima zai ziyarci Bosniya, ya kai wa Princip.

Na ukun, Trifko Grabez, ɗan limamin coci ne daga Pale, an kore shi daga makaranta don ya mari malami. Duka ukun ba wanda ya cika ashirin.

Da suka nemi makamai, hanya ta bi da su ta wurin Milan Ciganovic, ɗan Bosniya ma'aikacin jirgin ƙasa, daga shi zuwa Tankosic, a saman Tankosic kuma akwai Kanar Dragutin Dimitrijevic, wanda aka fi sani da Apis, shugaban leƙen asirin sojan Sabiya kuma jigon ƙungiyar asiri ta Baƙin Hannu. Apis ba baƙo ba ne ga jinin sarakuna: yana cikin hafsoshin da suka kashe Sarki Alexander na Sabiya da matarsa Draga a 1903. Har yau masana tarihi na jayayya kan wanda ya fara kawo shawarar, yaran ko hafsoshin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kayan da aka ba su: ƙananan bindigogi huɗu ƙirar Browning, bama-bamai shida daga ma'ajiyar makamai ta Kragujevac, 'yan kuɗi, da guba.

Gubar nan ta fi sauran kayan magana. An umarce su su sha da zarar sun gama. Su yaran sun ɗauke ta hatimin jarumta, irin ta Zerajic. Ga waɗanda suka ba su kuwa makulli ce ta rufe baki. Hafsoshin na da ƙwararrun mayaƙa da suka ga Yaƙin Balkan, amma suka zaɓi 'yan makarantar da aka koya wa harbi na 'yan kwanaki a wani daji a gefen Belgrad, domin 'yan makarantar talakawan Ostiriya ne, in abin ya tashi a ce rikicin cikin gida ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar da ta cinye manoma

Ranar 28 ga Mayu suka bar Belgrad cikin jirgin ruwa zuwa Sabac, jami'an kan iyaka 'yan ƙungiya suna miƙa su hannu zuwa hannu. Tun ba a yi nisa ba amana ta fara tsagewa. Cabrinovic mai surutu ne, yana hira da duk wanda ya gani, yana aika katunan gaisuwa masu habaici ga abokai. Princip da Grabez suka ƙwace makaman da ke hannunsa, suka ce ya bi wata hanyar shi kaɗai, su haɗu a Tuzla. Bam bai koma hannunsa ba sai da lokaci ya yi.

Su biyun suka ƙetare Kogin Drina ta wani tsibiri da masu fasa-ƙwauri ke bi, suka yi tafiyar dare cikin daji da laka, bama-bamai ɗaure a ƙugunsu. Wani talakan manomi, Jakov Milovic, ya yi musu ja-gora har ya sada su da Veljko Cubrilovic, malamin makaranta a Priboj, magidanci mai mata da jaririya. Veljko ya ɗora kayan a kan dokinsa ya kai su gidan wasu manoma da ya saba da su, gidan dattijo Mitar Kerovic. Can aka ba su abinci da wurin hutawa. Ɗan dattijon, Nedjo, da maƙwabcinsu Cvijan Stjepanovic suka ɗauke su a keken doki zuwa Tuzla, inda Misko Jovanovic, attajiri mai gidan sinima, ya karɓi makaman ya ɓoye a gidansa.

A nan ya kamata a tsaya, domin a wannan zangon ne aka fi asarar rayuka cikin waɗanda aka gurfanar. Me ya haɗa Mitar Kerovic da siyasar gadon sarautar Biyana, babban birnin Ostiriya? Malami ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da baƙi biyu a gajiye, kuma a ƙauye ba a mayar da malami, ba a korar baƙo. Veljko da Jovanovic sun fi su sanin dawan garin, domin suna da alaƙa da ƙungiyar kishin Sabiya ta Narodna Odbrana, sun saba wuce da takardu da mutane ta iyaka. Amma su ma sun faɗa wa kotu cewa tsoro ya shiga cikin lamarin: an nuna musu cewa akwai manya a bayan yaran, duk wanda ya buɗe baki gidansa zai gani. Manoman an gaya musu abin da makaman za su yi, an kuma ja musu kunne. Daga wannan lokacin sun shiga tsaka mai wuya: su kai ƙara su ci amanar malaminsu su jawo wa kansu ramuwa, su yi shiru su zama abokan laifi. Suka zaɓi shiru, wanda shi ne abin da yawancin mutane za su zaɓa.

Danilo Ilic da ɗaya ukun

Duk ƙullin a hannun mutum ɗaya ya haɗu. Danilo Ilic, mai shekara 23, tsohon malami ne da ya koma aikin jarida. Lokacin da aka kawo Princip Sarayebo yana ɗan shekara 13, a gidan mahaifiyar Ilic aka kama masa ɗaki. Ilic ne wan da ya buɗe masa littattafai. Yanzu ƙanin ne ke ba da umarni. Ya rubuto daga Belgrad a nemo ƙarin mutane, Ilic ya nemo. Shi ya je karɓo makaman, alamar da aka shirya kuwa kwalin sigari ce samfurin Stefanija da zai nuna wa Jovanovic. A cikin kwalin sukari aka sa kayan, ya shigo da su Sarayebo ya tura ƙarƙashin kujera a gidan uwarsa.

Mutanen da ya samo sun nuna yadda aka yi ɗinkin da gaggawa. Na farko Muhamed Mehmedbasic, kafinta Musulmi daga Stolac, mai shekara 27, wanda a farkon shekarar aka tura ya kashe gwamna Oskar Potiorek, amma da ya ga 'yan sanda na binciken jirgin ƙasan da yake ciki ya jefar da wuƙarsa da gubarsa. Sauran biyun ta hanyar wani ɗalibi, Lazar Djukic, aka same su. Djukic bai yarda ya riƙe makami ba, ya dai ambaci sunan abokinsa, Vaso Cubrilovic, ɗan shekara 17, ƙanin malam Veljko na Priboj. Wa da ƙani sun shigo ɗaki ɗaya ta ƙofofi dabam-dabam. Vaso kuma ya jawo nasa abokin, Cvjetko Popovic, mai shekara 18. Ba rantsuwar ƙungiya, ba horo. Ana gobe abin Ilic ya miƙa musu makamai ya nuna musu yadda ake amfani da su. Ukun Belgrad ma ba su san su ba.

Abin mamakin shi ne a makonnin ƙarshe Ilic kansa jikinsa ya yi sanyi. Ya yi ta jan hankalin Princip cewa lokaci bai yi ba, kisan zai jawo wa jama'a azaba ba tare da ya sauya komai ba. Princip ya ƙi. Ilic na da makaman a ƙarƙashin kujerarsa, in ya ga dama ya zuba su a kogi magana ta ƙare. Bai yi ba. Ya raba su da hannunsa, ya nuna wa kowa inda zai tsaya. Hujjar siyasa ta riga ta kuɓuce masa. Abin da ya rage shi ne kada yaron da ya tashi a gidansu ya kalle shi a matsayin matsoraci.

Lahadi, 28 ga Yuni

Ranar ta dace da Vidovdan, ranar da Sabiyawa ke tunawa da yaƙin Kosovo na 1389. Jaridu sun riga sun buga hanyar da ayarin zai bi, titin da ke gefen Kogin Miljacka, kuma 'yan sanda kimanin 120 ne kawai ke gadin birnin. Samari shida masu makamai suka jeru a bakin titi, Ilic na kai-komo tsakaninsu hannu wofi.

Motar Yarima ta wuce Mehmedbasic, bai motsa ba. Daga baya ya ce ɗan sanda ne ya tsaya a bayansa. Ta wuce Vaso, shi ma shiru. Ya ce wa kotu tausayin matar ne ya kama shi da ya gan ta zaune a gefen mijinta. Sai Cabrinovic, wanda abokansa suka ƙwace wa makami don ba su yarda da shi ba. Da safen nan ya je gidan hoto an ɗauke shi, domin a sami abin tunawa. Ya tambayi wani ɗan sanda wace mota ce ta Yarima, aka nuna masa, ya buga kan bam ɗin a jikin turken fitila ya wurga. Direba ya hango abu na tahowa ya taka mota, bam ya daki rufin da aka naɗe a baya ya gangara, ya tashi a ƙarƙashin motar da ke biye, ya raunata mutum wajen ashirin. Cabrinovic ya haɗiye gubarsa ya faɗa kogi. Gubar amai kawai ta sa shi, kogin kuma rani ya shanye shi, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Aka jawo shi ana duka.

Popovic, da ke tsallaken titi, ya ce zuciyarsa ce ta karaya. Ya je ya ɓoye bam ɗinsa a wani gini. Grabez ma bai yi komai ba. Cikin shida, huɗu sun tsaya kallo.

Sauran labarin tsautsayi ne. Bayan jawabin magajin gari, Yarima ya ce sai ya je asibiti ya duba waɗanda suka ji rauni. Aka sauya hanya, aka manta ba a gaya wa direbobi ba. Motar ta karya kwana kusa da Gadar Latin, Potiorek ya daka wa direba tsawa cewa ya yi kuskure, direba ya taka birki a gaban shagon Moritz Schiller, daidai inda Princip ke tsaye. Harbi biyu. Ɗaya ya sami Yarima a wuya, ɗaya ya sami Sophie a ciki. Wanda ke tsaye a jikin motar ya ji Yarima na cewa, "Sofi, Sofi, kada ki mutu, ki rayu saboda yaranmu." Princip ya ce harsashi na biyu Potiorek ya nufa da shi. Tasa gubar ma ba ta yi aiki ba.

Gaban mai bincike

Da gubar ta ci su, da zaren ya yanke a nan. Da farko Princip da Cabrinovic suka nuna wa alƙali mai bincike, Leo Pfeffer, cewa kowa gaban kansa ya yi. Ana haka 'yan sanda suka yi ta kamen duk wanda ya san su, Ilic ya faɗo cikin kamen don kawai Princip ya zauna a gidansu. Babu wata hujja a kansa. Amma shi kaɗai cikin na kusa da suka shiga hannu ya san ya haura ashirin, ya san abin da ke jiransa. Ya nemi a sassauta masa, ya zayyana sunaye. Cikin 'yan kwanaki aka kama Grabez a hanyarsa ta zuwa iyakar Sabiya, aka kama Vaso da Popovic, aka bi sawu har ƙauyen su Kerovic. Mehmedbasic kaɗai ya cika wandonsa da iska zuwa Montenegro, inda aka kama shi, aka kuma bari ya sulale.

Yana da sauƙi a kira Ilic maci amana, amma sai a tambaya: amanar wa? A lokacin gungun mutane na farfasa shaguna da gidajen Sabiyawa a Sarayebo, ana cika ɗakunan tsaro da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, wato ainihin abin da ya yi gargaɗi a kai. Princip kansa daga baya ya nemi a haɗa shi da abokansa, ya ce musu su faɗi komai don kada marasa laifi su sha wahala. Akwai dai iyakar da dukkansu suka tsaya: sun ambaci Ciganovic da Tankosic, amma sun yi ta ƙoƙarin nesanta gwamnatin Sabiya daga lamarin, sunan Apis kuma bai zama abin tuhuma a shari'ar ba. Sun kare mutumin da ya shirya musu mutuwa fiye da yadda suka iya kare manoman da suka ba su abinci.

Ostiriya ta ba Sabiya wa'adi ranar 23 ga Yuli, ta shelanta yaƙi ranar 28. Kafin a fara shari'a ranar 12 ga Oktoba, Turai ta riga ta kama da wuta.

Hukunci

Tuhumar da aka zaɓa ita ta yanke makomar mataimakan. Da kisan kai kawai aka tuhume su, wanda ya taimaka ba zai fuskanci igiya ba. Sai aka tuhume su da cin amanar ƙasa, inda haɗa baki ma kisa ne. Wani lauya mai kare su, Rudolf Zistler, ya yi ƙarfin halin cewa majalisun daular ba su taɓa amincewa da haɗiye Bosniya ba, saboda haka ba a cin amanar ƙasar da ba taka ba. Kotu ta tsawata masa.

Da aka zo kan dalili, bakinsu bai zo ɗaya ba. Princip ya ce shi ɗan kishin Yugoslabiya ne, burinsa haɗin kan Silabawan kudu, kowane irin mulki ne bai dame shi ba muddin an fita daga hannun Ostiriya. Ya ce shi ɗan manoma ne, ya san abin da ke faruwa a ƙauyuka. Ya kuma faɗi wata magana mai nauyi: Yarima haɗari ne domin in ya hau mulki zai yi gyare-gyaren da za su hana haɗin kan. Wato sassaucin da ake tsammani daga gare shi na cikin abin da ya jawo masa harsashi. Cabrinovic ya kawo ramuwar gayya da ra'ayinsa na ƙin hukuma, amma da aka karanta kalaman Yarima na ƙarshe ya nuna nadama a fili saboda marayun da aka bari. Biyu daga cikin 'ya'yan uku, Sophie da Max, suka rubuta masa takardar yafiya. Ƙaninsu Ernst ya ƙi sa hannu. Manoman kuwa ba su da wani dogon bayani. An ce su kai baƙi Tuzla, sun kai.

Ranar 28 ga Oktoba aka yanke hukunci. Princip da Cabrinovic da Grabez shekara 20 kowanne, iyakar abin da doka ta yarda a yi wa masu shekarunsu. Vaso 16, Popovic 13. Djukic, da ya ambaci suna kawai, 10. Ivo Kranjcevic, ɗalibi Bakuroshiye da ya ɓoye wa Vaso makamansa saboda abota, shi ma 10. Wasu ɗalibai biyu shekara uku-uku don sun ji ba su kai rahoto ba. Dattijo Mitar Kerovic ɗaurin rai da rai. Biyar aka yanke wa kisa. Sarkin daular ya sassauta wa Nedjo Kerovic da Jakov Milovic zuwa ɗauri. Mutum tara aka sallama. Ranar 3 ga Fabrairun 1915 aka rataye Veljko Cubrilovic da Misko Jovanovic da Danilo Ilic. Tonon asirin bai saya wa Ilic ko kwana ɗaya ba.

Layin shekara 20 an ja shi ne bisa tunanin cewa yaro bai gama mallakar hankalinsa ba, babba ne ya kamata ya hana shi. Tunanin ba laifi. Sai dai manyan da kotu ta iya kamawa ba su ne manyan da suka tura ba.

Bayan haka

Rangwamen da doka ta yi wa yaran bai wuce na suna ba. An kai ukun Belgrad kurkukun soja na Terezin, a ƙasar Cek ta yau, cikin sanyi da sarƙa da kaɗaici. Tarin fuka ya kashe Cabrinovic a Janairun 1916, Grabez ya bi shi a Oktoba. Princip ya kai 28 ga Afrilun 1918, cutar ta ci ƙashinsa har an yanke masa hannu ɗaya, nauyinsa bai fi kilo 40 ba. Mitar da Nedjo Kerovic da Milovic da Djukic duk a tsare suka mutu. A 1920 aka kwaso ƙasusuwan da aka samu aka binne su wuri ɗaya a Sarayebo, Ilic na cikinsu, kusa da waɗanda ya ambaci sunayensu.

Tankosic ya mutu da raunin yaƙi a 1915. Apis gwamnatinsa ce ta harbe shi a Salonika a Yunin 1917, bisa wata tuhuma dabam, ta shirya kashe yarima mai riƙon sarautar Sabiya. Cikin masu ba da shaida a kansa har da Ciganovic, wanda ya rayu har 1927. A wannan shari'ar aka ɗaure Mehmedbasic shekara 15, aka yafe masa a 1919, ya koma Sarayebo, 'yan Ustasha, masu tsattsauran kishin Kuroshiya, suka kashe shi a 1943.

Yaran nan biyu da aka ɗauko a makonnin ƙarshe, waɗanda suka kasa ɗaga hannu, su ne suka ga tsufa. Da daular ta rushe a 1918 aka buɗe musu ƙofa. Popovic ya yi koyarwa, ya yi aiki a gidan tarihin Sarayebo, ya rasu a 1980. Vaso Cubrilovic ya zama farfesan tarihi a Jami'ar Belgrad. A 1937, yaron da ya ce tausayin mace ɗaya ya hana shi harbi ya rubuta takarda yana tsara wa hukuma yadda za a kori Albaniyawa daga Kosovo. Ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Tito, shugaban Yugoslabiya, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rasu a Belgrad a 1990 yana da shekara 93, shekara 75 bayan an rataye wansa.